Tudora Ta Sayi Babbar Mota

Tudora maƙwabciyata ce a ƙauyenmu na Ulmeanca. Shinge ɗaya ya raba gidajenmu, kuma tun tana amarya na san ta. Ubanta direban tarakta ne a zamanin gonar gwamnati. Bai haifi namiji ba, don haka ita yake ɗorawa a cinya idan zai yi huɗa, har ta iya riƙe sitiyari kafin ta iya tuƙa tuwon masara. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya, kuma idan aka yi mata abu ba ta ɗaga murya. Sai dai ta dubi mutum ta ce, "To." Mu da muka zauna da ita mun fi jin tsoron wannan "to" ɗin a kan zagi.

Ta auri Ilarie, auta a gidan masu kiwon zuma. Mutum ne mai sanyi, wanda ko ƙudan zuma ya harbe shi sai ya ce shi ne ya takura masa. Idonsa na hagu ba ya gani sosai tun yana yaro. Yayansa Gherasim shi ne bakin gidan, shi ne kuma mai tuƙa tsohuwar gingimarin ubansu, wadda duk bazara take kwashe amyoyin gidan da na sauran mutanen ƙauyen zuwa dajin itatuwan tei, masu furen da ƙudan zuma ke so, da ke ƙetaren kogin Dunarea. Ni ma 'yan amyoyina goma ita ce ke kai su. Babu wata babbar mota a ƙauyen sai ita, kuma Gherasim bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Idan ya ce asuba, sai ka jira shi har hantsi, in ka yi magana ya ce ka ɗora akwatunanka a ka.

Da tsohon ya rasu aka raba gado. Gida da tsohuwa Safta, uwarsu, suka faɗa wa auta kamar yadda aka saba. Gherasim ya ɗauki gingimari da injin tatsar zuma. Amyoyi aka raba su biyu. Abin da ya rage shi ne wurin da tsohon ya saba ajiye su a daji, wani kwari mai inuwa kusa da maɓuɓɓugar ruwa, inda tei ke yin fure kamar an zuba. A kansa aka yi ƙuri'a gaban limamin coci, ya faɗa wa Ilarie. Gherasim ya yi dariya ya dafa kafaɗar ƙanensa, amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Tudora ce ta ce ba za su sake jiran gingimarin kowa ba. Abin da suke nema mota ɗaya ce da za ta yi aikin biyu: ta ɗauki amyoyi da bazara, ta kuma ɗauki su biyun da tsohuwa da 'yarsu Smaranda da tagwayensu maza zuwa coci da asibiti da bikin dangi. Motocin kuwa hawa biyu ne. Akwai waɗanda nauyinsu gaba ɗaya, da kaya da mutane da man da ke tanki, bai kamata ya wuce tan uku da rabi ba, kuma duk mai ƙaramin lasin yana tuƙa su. Daga nan zuwa sama sai babban lasin, da gwajin likita, da wata na'ura da ke rubuta awoyin tuƙi. Ilarie da idonsa ba zai haye gwajin likitan ba, kowa ya sani.

Ranar da suka tafi kasuwar tsofaffin motoci da ke bayan garin Braila, Gherasim ya ce zai raka su, tunda shi ne ya san ƙarfe. Ni ma na bi su don ganin gari. Shi ne ya tsaya gaban wata fara mai kujeru layi biyu da bodi a baya, ya buga tayarta da ƙafa, ya ce ga tasu nan. Ta ɗauki mutum bakwai, ta ɗauki amya talatin, Ilarie ya tuƙa da ƙaramin lasinsa, me kuma ake nema? Tudora ta zagaya ta, ta tambayi mai sayarwa nawa ne nauyin motar ita kaɗai, ba kaya, tunda layin kujeru na biyu ma ƙarfe ne. Kafin mutumin ya amsa Gherasim ya tari numfashinta.

"Matar ƙanina, garin burodi kika zo aunawa ko mota kika zo saye? Tun ina saurayi nake bin hanyar nan, ban taɓa ganin an ɗora mai zuma a kan sikeli ba. Suna jin ƙugin ƙuda suke ɗaga maka hannu ka wuce."

Ilarie ya ce Yaya ya fi su sani. Tudora ta dubi motar, ta dubi mijinta da ke shafa sitiyari kamar yaron da aka saya wa keke. Aka saya.

A wata na shida suka kai amyoyinsu kwarin. Shekarar ta yi albarka irin wadda ba a cika gani ba. Da furen ya kusa ƙarewa duk gidan suka koma can suka kafa tanti, har da tsohuwa, wadda ta ce iskar daji na yi wa ƙirjinta magani. Injin tatsa yana hannun Gherasim, kuma da Ilarie ya nemi aro sai ya ce wani abu ya karye a ciki. Don haka suka shirya su dawo da amyoyin cike, su tatse da ɗan injina a gida. Amyar da ta tafi mutum ɗaya yana ɗaga ta, ta dawo sai mutum biyu sun yi nishi.

Suka toshe ƙofofin amyoyin tun kafin gari ya waye, suka ɗaure, suka kamo hanya don su haye kogi kafin rana ta yi zafi. A bakin fito, inda motoci ke layin shiga jirgi, jami'an hanya suna tsaye da sikelinsu na tafi-da-gidanka. Motar kankana ta wuce a gabansu tana rangaji, ba su dube ta ba. Da ta Ilarie ta iso, Tudora ta ji ɗaya yana ce wa ɗaya ita ce, fara mai shuɗin tamfol.

Aka ɗora su a kan sikeli da kowa a ciki. Nauyin ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Tara dai an rubuta, wannan ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce doka ta ce motar ba za ta motsa ba sai wata ta zo ta rage mata kaya. Ilarie ya roƙe su su bar shi ya buɗe ƙofofin amyoyin, suka nuna masa jama'ar da ke layi, da yara, da dawakai, suka ce ba zai saki ƙuda a nan ba. Ya roƙi ya ja motar zuwa inuwa, babu inuwa a bakin fiton sai ta rumfar mai sayar da tikiti. Sai ya kira yayansa a waya. Gherasim ya ce subhana, ya ce kada su damu, yana zuwa.

Rana ta ɗaga. Tudora ta yaye tamfol, ta ɗauki bokiti tana sauka kogi tana ɗebo ruwa tana watsa wa akwatunan, Smaranda na bin ta da tukunya. Ƙugin da ke ciki ya yi ta ƙaruwa har mutanen layi suka ja baya. Duk wanda ya yi kiwon zuma ya san abin da wannan ƙugi yake nufi: suna fifita da fikafikai, zafin jikinsu na ƙara wa zafin rana, kaki yana laushi. Ilarie ya sake kira, Gherasim ya ce yana hanya. Wajen azahar saƙa ta fara zubewa a ciki. Zuma ta biyo ta tsagar katakon bodi tana ɗiga kan kwalta, da gawar ƙuda a cikinta, tagwayen suna tsaye suna kallo. Daga nan ƙugin ya fara raguwa, akwati bayan akwati.

Gingimarin ta iso bayan la'asar. Gherasim ya sauko yana salati, yana cewa taya ce ta fashe masa. Ya leƙa bodin, ya girgiza kai, ya ce da ma ya so ya gaya musu kada su cika mata kaya haka. Amya shida ce ta rayu.

Maganar farar mota mai shuɗin tamfol ba ta bar kunnen Tudora ba. Da kaka, tana tsakar gida da Anghelina matar Gherasim suna gasa tattasai da gauta don ajiyar hunturu, sai Anghelina ta fashe da kuka ba gaira ba dalili. Mace ce mai tsoron Allah da tsoron miji, abin ya yi mata nauyi. Ta ce a gabanta Gherasim ya buga wa jami'an hanya waya, daren da ya ji za su taso. Ta ce bai yi nufin ƙudan su mutu ba, so yake a ci su tara su gane ba su iya ba, su dawo ƙarƙashinsa, a haɗa amyoyi a kwarin kamar da. Amma da Ilarie ya kira, sai ya zauna ya ci abincinsa, ya kwanta ya yi barcin rana. Tayar gingimari lafiyarta lau.

Ina jin su ta shinge. Tudora ta ci gaba da ɓare bawon tattasai, ta ce, "To."

Da ta gaya wa Ilarie sai ya sunkuyar da kai ya ce ɗan'uwansa ne, ciki ɗaya, kuma tsohuwa na raye, kada a tayar da magana. Bazarar da ta biyo, tunda ba su da abin kaiwa, Gherasim ya jera amyoyinsa a kwarin, ya ce yana riƙe wa ƙanensa wuri kada baƙi su shiga.

A wannan bazarar Tudora ta sayar da gonar da ta gada daga ubanta. Kamfanin noma da ya haɗiye rabin filayen ƙauyen ya daɗe yana nema, ita ce ta ƙi. 'Yan'uwanta mata suka yi fushi, ɗaya ta daina gaishe ta har yau. Ta sayar da farar motar ma. Sannan ta shiga makarantar koyon tuƙin manyan motoci a Braila, tana da shekara arba'in da 'yan kai, tsakanin samari masu shirin tafiya Jamus tuƙin tirela. Suna kiran ta Goggo, suna tambayar ko miya ta zo koyo. Ta faɗi gwajin farko a wajen ja da baya. Ta dawo gida ta ari taraktar wani, ta kwana biyu tana baya da ita tsakanin buhuna a filin ƙwallo, yara suna mata ihu. A na biyu ta haye.

Wannan karon ita kaɗai ta zaɓi mota. Wata mai tan shida da rabi ce, ja ce da ta koɗe, mai tayoyi bibbiyu a baya, ita ma da kujeru layi biyu. Kafin ta biya ta sa mai sayarwa ya kawo ta ƙauyen, ta loda mijinta da tsohuwa da yara uku da karen gidan, ta cika tanki, ta kai su sikelin rumbun hatsi. Mai sikelin ya yi ta dariya yana tambayar ko tsohuwar za a sayar. Tudora ta duba abin da allura ta nuna, ta cire daga tan shida da rabi, ta ga abin da ya rage zai ɗauki amyoyi cike har da saura. Sai ta biya.

Motar ba ta zo wa gidan da sauƙi ba. Ƙofar gida ta yi mata kaɗan, sai da aka rushe ginshiƙi ɗaya aka sare rabin rumfar inabin da tsohon ya dasa, Ilarie yana kallo. Tana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Ba a barin irinta shiga tsakiyar gari, don haka ranar kasuwa sai su ajiye ta can bakin masana'antu su taka da kaya a hannu. Ba ta gudu, an ɗaure mata ƙafa tun daga kamfani, tafiyar bakin teku da mutane ke yi da safe su iso kafin hantsi su sai azahar. Smaranda, da ta fara zama budurwa, ta roƙi a riƙa sauke ta a kwanar da ke kafin makaranta. Babban abin shi ne babu mai tuƙa ta sai Tudora. Ko gishiri ya ƙare, ko yaro ya yi zazzaɓi, ko ita kanta ce ba ta da lafiya, ita ce a bayan sitiyari, Ilarie a gefe da hularsa a cinya. Na taɓa ce mata da ta bar ƙaramar ta riƙa yin sawu biyu. Ta ce, "Kawu Zaharia, ba don sawu na saye ta ba."

Ta fara da mu, masu 'yan amyoyi. Gida gida ta bi kafin bazara, ta ce za ta kai mana daji, kuma abin da za mu ba ta kuɗin mai ne kawai. Idan ta ce asuba, kafin zakara ya gama cara tana ƙofar gidanka. Ba ta zagi, ba ta jefa akwati, tana tafiya a hankali a kan gargada. Shekara ta farko mutum huɗu muka bi ta, muna sunkuyar da kai idan mun haɗu da Gherasim a shago. Shekara ta biyu babu wanda ya rage masa. Ya yi ta yawo yana cewa mace ce, wata rana za ta zubar da mu a kogi. Ya aika a auna ta har sau biyu, ta hau sikeli ta sauka, jami'an suka sara mata. Ta koma ta kwashi hatsi da itace da kayan amare, duk abin da gingimari ke ci da shi a da. Riba ba ta samu ba, na sani, wani lokacin ma daga aljihunta take cikawa. Amma gingimarin Gherasim ta fara kwana a ƙofar gida mako mako, kuma da giyarta ta lalace bai sami abin gyara ba. Ya ɗora ta a kan bulo, kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Kwarin ma Ilarie ya koma, tunda yanzu yayan ba shi da abin kai nasa can.

Duk wannan lokacin Tudora na gaishe shi. A coci, a biki, ranar Annabi Iliya da masu zuma ke raba saƙar fari, sai ta miƙa masa faranti ta ce, "Yaya, ɗanɗana namu." Sai ya karɓa.

Na ɗauka ta ƙoshi. Ashe ba ta fara ba.

Wata shekara, bayan tei, duk mun jera amyoyinmu a bakin gonakin kamfani, lokacin da furen nan mai bin rana ya rufe fili har iyakar gani. Gherasim ma ya kai nasa da amalanken doki, kaɗan kaɗan. Sai tsutsa ta faɗa wa gonakin. Da rana tsaka aka yi shela cewa gobe da hantsi jirgin sama zai yi feshin magani, duk mai amya ya kwashe. Kowa ya ruga gidan Tudora. Ta tsara mu, wasu da magariba idan ƙuda ya koma gida, wasu da asuba.

Can da yamma sai ga Gherasim. Ya tsaya a bakin ƙofar da aka faɗaɗa, ya kira ƙanensa. Ilarie ya ce shi ba direba ba ne. Dole ya taka har inda Tudora ke duba mai, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba sai limami. Ya ce amyoyinsa su ne abin da ya rage masa, doki ba zai kwashe su kafin hantsi ba, ta dubi girman zumunta.

Tudora ta goge hannu da tsumma. "Ka toshe su da asuba, ka jera su bakin hanya. Ina zuwa, Yaya."

Ta kwashi na kowa. Nawa ne na ƙarshe, mun sauke su a bakin kogi rana tana fitowa, da sauran lokaci mai yawa. Na ce mata sai na Gherasim. Ta ce ta sani. Ta zauna a kan matakin mota, ta kwance ƙunshinta, ta fito da burodi da cuku da tumatir, ta yanka, ta miƙo mini. Ilarie ya tsaya a kanta yana roƙo, ta ce na'urar mota ta nuna ta yi tuƙi da yawa, doka ta ce ta huta. Wayarta ta yi ta ƙara a aljihu. Sau ɗaya ta ɗauka, ta ce tana hanya, ta kashe. Da Ilarie ya ga da gaske take, sai ya juya ya kama gudu a ƙasa, mutumin da ya ba hamsin baya, ya nufi ƙauye neman amalanke.

Gherasim yana can bakin hanya da akwatuna a toshe, rana na hawa. In ya bar su a rufe su dahu, in ya buɗe su faɗa wa guba. Shi da ƙanensa suka kwashe abin da doki ya iya ja. Sauran, da ƙugi ya yi yawa, ya buɗe. Muna zaune muka ji jirgin ya wuce ƙasa ƙasa. Sai da ƙararsa ta ɓace Tudora ta karkaɗe siket ɗinta ta tayar da mota. Mun iske shi a tsugune, ƙuda na dawowa suna faɗuwa a bakin amya suna juyi a ƙasa. Ta sauko, ta duba, ta girgiza kai.

"Da ma na so in gaya maka, Yaya, kada ka ajiye su kusa da gona haka."

Bai ɗago ba. Anghelina ce ta dube ta, ta rufe baki da gefen ɗankwali.

Ƙauyen ya rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce ya girbi abin da ya shuka. Wasu suka ce ƙudan me suka yi mata. Amma duk mai faɗar haka amyarsa a motarta ta tsira, don haka a hankali ake faɗa. Limami ya kira ta, suka daɗe a ciki, ta fito fuskarta yadda ta shiga, kuma shekarar nan ba ta karɓi jibin Ubangiji a coci ba. Ilarie ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin tatsar zuma har sanyi ya kore shi. Tsohuwa Safta, wadda ta haifi mazan biyu, ba ta yi wa surukarta faɗa ba. Kawai ba ta sake shiga motar ba. Da sandarta take zuwa coci, motar na bin ta a baya a hankali, ba ta waiwaya. Haka har ta rasu.

Gherasim bai sake tashi ba. Ya sayar da gingimari ga masu gwangwan, ya kama gadi a rumbun hatsi. Bayan 'yan shekaru, wata safiya, ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Likitoci suka ce a riƙa kawo shi asibiti gashin jiki duk mako. 'Ya'yansa suna Sifen. Motar haya ba ta shigowa ƙauyenmu sai sau ɗaya a rana, kuma ba ta ɗaukar keken guragu. Anghelina ta zagaya gidajen masu ƙananan motoci, kowa da uzurinsa. Tudora ce ta je da kanta ta ce za ta kai shi.

Duk Talata take tsayawa a ƙofar gidansa. Matakin motar yana da tsawo, don haka sai ta rungume shi ta ɗaga kamar buhu, ta zaunar da shi a kujerar baya, ta ɗaure masa bel, ta goge masa yawu, ta jefa keken a bodi. A gari, tunda ba a barin ta shiga, sai ta tura shi a keke tun daga bakin masana'antu har asibiti, ana ruwa ko ana rana. Ba ta taɓa makara ba, ba ta karɓi ko kuɗin mai ba. Mata a coci suka fara ba da misali da ita. Limami ya yi wa'azi kan yafiya yana duban inda take tsaye. Ilarie ya riƙa kallon ta da wani irin taushi, ya sake dasa inabi a inda aka sare.

Wata Talata na bi su don ganin likitan haƙori. A hanyar dawowa Anghelina ta yi barci. Tudora na tuƙi tana ba Gherasim labari cikin murya mai daɗi: yadda tei ya yi fure a kwarin bana, yadda amyoyinsu suka ninka na zamanin tsohon, yadda Smaranda ta gama karatu, wanda ya sayi gonarsa da abin da ya shuka a ciki. Tana yi tana duban sa ta madubi. Shi kuwa idonsa mai lafiya na kafe a ƙeyarta, hannunsa na hagu ya damƙe bel, maƙogwaronsa na motsi ba abin da ke fita. Da muka iso ƙofar gidansa ba ta sauka nan take ba. Ta kashe mota, ta gyara ɗankwali, ta nemi wani abu a jaka, ta sha ruwa. Yana zaune yana jira.

Bayan mun sauke shi na ce mata Allah ya saka, ba kowa ke iya yafe irin wannan ba. Ta dube ni kamar na yi wauta.

"Wa ya ce maka na yafe, Kawu? Da ya mutu a bakin rijiya da ya tsere mini. Ina son in ga yana jira in buɗe masa ƙofa."

Kusan shekara uku ta yi tana kai shi. Ya rasu a hunturun da ya wuce, ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar maƙabarta, sai da aka nemo tarakta. Tudora ce ta dafa alkamar sadakar mamaci, ta yi mata ado da sukari, kowa ya ce ba a taɓa cin mai daɗinta ba.

Yanzu ta kusa sittin. Tagwayen suna aikin gini a Italiya, Smaranda ta yi aure a Braila tana da 'yar ƙaramar motarta. Gwiwoyin Tudora sun fara ƙin matakin, kuma gwajin likita na sabunta lasin yana tafe, ga ido ya fara hazo. Makon jiya na gan ta a tsakar gida tana duba hotunan motoci a wayarta, duk ƙanana, irin waɗanda Ilarie ma zai iya tuƙawa. Ta ce sun rage amyoyi, sawu biyu ba zai kashe kowa ba. Anghelina na zaune kusa da ita tana tsinke wake, don tun rasuwar mijinta kusan kullum a gidan take yini. Su biyun suka yi ta gardama kan kala, Anghelina na son shuɗiya, Tudora ta ce shuɗi yana nuna ƙura.